Babur, Dokin Matasan Gabashin Sakkwato

Tambayi matashi a Wurno ko Rabah ko Goronyo abin da zai fara saya idan ya sayar da albasarsa ko tafarnuwarsa. Da wuya ya ambaci mota. Babur zai ce, galibi Boxer ƙirar Indiya. Wasu dattawa suna ganin rawar kai ce irin ta ƙuruciya. Ni kuwa ina ganin lissafi ne na mai hankali.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Matashin Holan keke yake hawa, domin an shimfiɗa wa kekuna hanyoyinsu daban. Na Japan ya dogara ga jirgin ƙasa da ba ya saɓa lokaci. A Jamus, a Mayun 2023 aka fito da tikitin wata guda, a kan yuro 49 a lokacin, wanda ke shigar da mutum bas da jiragen ƙasa na gajeren zango a duk faɗin ƙasar. Abin da hukuma ta tanada shi matashi ke zaɓa.

Mu me aka tanadar wa namu? Daga fadamun da ke shan ruwan madatsar Goronyo zuwa kasuwar Achida, akwai ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Babur ke fito da buhun shinkafa, shi ke kai mai naƙuda asibiti, da rani kuma a yi kabu-kabu da shi a Sakkwato a ciyar da gida.

Sai dai dokin nan ya sami baƙin jini, domin shi 'yan bindiga ke hawa su afka wa ƙauyuka. A 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana mutum uku hawa babur ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma ɓarawon daji bai rasa mai ba. Manomi ne ya sha wuya. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara masa nauyi.

Shawarata ga hukuma: a yi wa kowane babur rajista da shaidar hakimi da ƙungiyar 'yan kabu-kabu, domin a bambance mai neman halal da mugu. A gyara hanyoyin ƙauye har ƙananan motoci su riƙa shiga. Ranar da aka yi haka, matashin Gandi ma zai sami zaɓi kamar takwaransa na Jamus.