Rumfar kifi a bakin tabki, da abin da Dakoro za ta koya

Dakoro ƙasar makiyaya ce da manoman hatsi. Nono da naman dabba ba baƙi ba ne a gidajenta, amma ɗanyen kifi sai an yi tafiya. Abin da ya fi isowa kasuwa shi ne banda, ko kuwa kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi cikin kwali daga bakin teku. Saboda haka duk mutumin Dakoro da wata hidima ta kai shi Maraɗi, tafiyar kilomita wajen 120, ya dace ya ƙara ɗan taki zuwa kudu, ya ga tabkin Madarumfa. Gani ya kori ji.

A can ba a bukatar babban otel. Rumfa ce da benci, da kaskon suya bisa murhu. Masunta su fito da tarwaɗa da karfasa, mata su saya, su gyara, su soya, a barbaɗa yaji a yanka albasa. Baƙo yana cin kifin da ya kwana cikin ruwa, kuma kuɗinsa na shiga hannun talakan da ya yi wahalar. Matafiya kan hanyar Tawa zuwa Agadas sun san irin wannan ni'ima a Tabalak, inda motoci kan tsaya domin soyayyen kifin tabkin garin.

Tabkin Madarumfa ba wurin abinci kaɗai ba ne. Jama'a na zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. A shekarar 2006 Nijar ta sa tabkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, a 2019 kuma aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kiyaye wurare masu dausayi.

Sai dai kasko ba ya soya abin da koma ba ta kamo ba. Rayuwar waɗannan rumfuna tana rataye ga lafiyar tabki, tabki kuwa yana cikin haɗari. Inda aka sare itatuwa, ruwan sama na kwaso yashi ya zuba a ciki, zurfi ya ragu kowace damina. Madatsar Jibiya, a jihar Katsina ta Nijeriya, ta rage ruwan da ke gangarowa Gulbin Maraɗi. Ga kuma masu su da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, suna kwashe ƴaƴan kifi tun ba su yi ƙwai ba. Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?

Nan kowa ke da nasa aiki. Ma'aikatan kula da ruwa da daji su tsaya ga dokar su, tare da sarakunan ruwa, a hana mugunyar raga, a kuma mutunta lokacin da ake hutar da tabki. Magadan gari su taimaka wa mata masu suya da ruwa mai tsabta, da wurin zuba shara nesa da gaɓa. Masu rumfa su rufe kifi daga ƙuda da ƙura, su daina maimaita mai har ya yi baƙi. Mai saye shi ma yana da ƙarfi: in ya ƙi ƙananan kifi, masunci zai daina kamo su.

Darasin da ya fi shafar Dakoro shi ne cewa kifi ma dabbar kiwo ce. Farin 1973 da na 1984 sun nuna wa makiyayi haɗarin dogara ga garke kaɗai. Tabkin da ke riƙe ruwa watanni da yawa bayan damina ana iya zuba masa ƴaƴan kifi, kamar yadda aka yi a Akadane, cikin yankin Barmo da aka cire daga Dakoro a 2011. Tarwaɗa tana jure ruwa mai laka da zafi, tana kuma girma cikin ƴan watanni. Amma dole a zauna da makiyaya tun farko, domin tabki mashayar dabbobi ne kafin ya zama wurin su. Aikin da ya haddasa husuma ba ci gaba ba ne.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna da babban matsayi a nan: su ne za su riƙe littafin ƙungiyar masunta, su rubuta abin da aka zuba, da abin da aka kama, da kuɗin da ya shigo. Ranar da yaron Dakoro zai ci ɗanyen kifin tabkin ƙasarsu a rumfar garinsu, ziyarar Madarumfa ta biya kuɗin motarta.