ME KAKE KARANTAWA YANZU?

A farkon zangon karatu na biyu na wannan shekara na shiga wani aji na manyan ɗalibai, na ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta mini sunan littafin labari na ƙarshe da ya karanta tun daga bango har bango, ban da waɗanda aka wajabta domin jarrabawa. Da na tattara takardun sai na tarar yawancinsu fari fat suke. Wani yaro mai gaskiya ya rubuta cewa ya fara wani littafi a hutun Kirsimeti, amma wayar yayansa ta ɗauke masa hankali. Wannan abu ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na roƙi masu shirya wannan mujalla su ba ni fili in yi magana da ɗalibai, da 'yan'uwana malamai, da kuma iyayenmu na ikkilisiya.

Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ba ya karanta ƙagaggun labarai bai gama zama ɗalibi ba, ko da kuwa yana zuwa na ɗaya a aji. Haka nan makarantar da ɗalibanta ba sa tambayar juna abin da suke karantawa, akwai sauran aiki a gabanta.

Na san akwai iyayen da za su ce ƙagaggen labari ai ƙarya ne, me ya haɗa ɗan mai bi da ƙarya? To, mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu gani. Sa'ad da Sarki Dawuda ya yi zunubi, annabi Natan bai fara da tsawa ba. Labari ya ba shi na wani attajiri da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci, har Dawuda ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa bai sani ba. Ubangijinmu Yesu kuma da misalai ya koyar da taro: Basamariye mai tausayi, ɗan da ya ɓace ya komo, mai shuka da irinsa. Ba wanda ya taɓa cewa a kawo masa sunan unguwar da mahaifin ɗan nan yake kafin ya yarda da koyarwar. Maƙaryaci yana so ya ruɗe ka ne, shi kuwa mai ƙaga labari ya gaya maka tun farko cewa labari ne, yana so ka ga kanka a ciki kamar mai duba madubi.

Wasu kuma, har da malamai, za su ce lokaci ba ya isa, ga manhaja ba a gama ba, ga jarrabawar WAEC da NECO suna tafe. Ni da nake gyara takardun insha'i kowane mako zan iya shaida cewa tun daga layi na uku nake gane yaron da yake karatu da wanda ba ya yi. Mai karatu ya san inda ake sa aya, ya san yadda ake fara magana a kai ta ƙarshe, kalmomi kuma ba sa yanke masa. Wanda ba ya karatu ko tambayar lissafi aka yi masa da dogon bayani sai ya rikice, domin bai saba bin jimla har ƙarshenta ba. Batun lokaci kuwa, mu yi lissafi. In ɗalibi ya karanta shafi 10 kowace rana, a zango ɗaya mai mako 13 ya karanta shafi 910. Littattafanmu na Hausa da yawa ba su kai shafi 100 ba.

Akwai wani dalili kuma da ya shafe mu mu mutanen Zamfara musamman. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu, daga baya a watan Satumba aka rufe makarantu aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Ɗalibanmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka zauna a gida, ba aji, ba malami, ba intanet. Da aka koma na lura da abu ɗaya: waɗanda suke da littattafai a gida, suka kuma saba buɗe su, ba su yi baya sosai ba. Littafi ba ya bukatar caji, ba ya bukatar kati, ba a kuma katse masa layi. Muna addu'a kada Allah ya maimaita mana irin wancan lokaci, amma mai hankali tun rani yake gyara rufin ɗakinsa.

Tun da na ce a riƙa tambayar juna, bari in fara da kaina. A kwanakin nan na sake ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East. Na karanta shi ina yaro, amma a wancan lokaci labari ne kurum na zamanin bauta. Yanzu da na karanta yadda aka sace yaro ƙarami aka raba shi da uwarsa, ita kuma ta bar kome ta bi sawunsa har ƙetaren hamada, sai da na ajiye littafin na yi shiru, domin na san iyaye mata a garuruwanmu da suka ɗanɗana irin wannan baƙin ciki. Ina roƙon kowane ɗalibi na babban aji ya karanta shi.

Daga wannan gasa kuma aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda zai sa ka dariya har hawaye saboda yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna ƙeta gari bayan gari. Akwai Ganɗoki na Bello Kagara. Akwai kuma Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Dokta East. Labarin mutum ne da aka ƙwace masa budurwa da ƙarfin dukiya, ya rantse sai ya rama, ramuwar kuwa ta cinye har wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda yake so ya fahimci abin da ya sa aka ce mu bar wa Allah ramako, ya karanta wannan littafi. 'Yan ƙananan aji su fara da Magana Jari Ce, inda aku yake ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita. Littafi uku ne, kowane labari kuma ana iya gama shi a zama ɗaya.

Ga 'yan matanmu ina da albishir. Littafin So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, Hajiya Hafsat Abdulwaheed ce ta rubuta shi, ana kuma lissafa ta a matsayin mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Ta yi zama mai tsawo a nan Gusau. Ashe ba sai an je Legas ko Ingila ake zama marubuci ba. Masu son na Turanci su nemi The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, wanda wani tsoho yake ba da labarinsa a cikin jirgin ƙasa. Duka biyun a ƙasarmu ta Arewa labarinsu ya faru, Turancinsu kuma ba mai karya haƙori ba ne.

Ba na cewa kowane littafi alheri ne. A cikin littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990, da waɗanda ake turawa ta waya yau, akwai masu ma'ana, kamar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, akwai kuma waɗanda bai kamata su shiga jakar ɗalibi ba. Amma hana karatu ɗungurungum ba shi ne magani ba. Yaron da aka hana, a ɓoye zai karanta, kuma mafi muni zai zaɓa. In kuwa an saba tambayarsa a fili abin da yake karantawa, a gida da makaranta, shi da kansa zai ji kunyar riƙe abin da ba zai iya faɗin sunansa a gaban mahaifiyarsa ba.

Yanzu sai batun Faransanci, wanda ɗalibai da yawa suke gudu kamar maganin zazzaɓi. Wani ɗalibi ya ce mini, “Malam, ai ko mutanen Nijar sun yar da Faransanci.” Gaskiya ne a 2025 hukumomin Nijar sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, abin da ya faranta mana rai. Amma sun bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Ƙasashe huɗu ne suke iyaka da Nijeriya ta tudu, wato Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma a dukansu ana aikin ofis da makaranta da Faransanci. Jiharmu ma ta yi iyaka da Nijar ta arewa. Wanda zai yi fatauci ko aikin jinya ko aikin bishara a waɗannan ƙasashe, wannan harshe guzuri ne a gare shi. Daniyel da abokansa sun koyi harshen Kaldiyawa da littattafansu a Babila, bangaskiyarsu kuwa ba ta ragu ba.

Kuskurenmu shi ne muna haddace jadawalin aikatau shekara uku ba mu taɓa karanta labari ɗaya ba. Shawarata ita ce a hau tsani daki-daki. Matakin farko, a nemi Littafi Mai Tsarki na Faransanci mai sauƙi, wanda ake kira Parole de Vie, da aka fitar a shekarar 2000 musamman domin waɗanda Faransanci ba harshen uwarsu ba ne. Ka buɗe Luka sura 15, ka ajiye na Hausa a gefe. Tun da ka riga ka san labarin, kalmomin da kansu za su riƙa bayyana maka ma'anarsu.

Mataki na biyu shi ne tatsuniyoyi. La Belle Histoire de Leuk-le-Lièvre, wanda Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji suka rubuta a 1953 domin 'yan makarantar Afirka, labarin zomo mai wayo ne da kura mai kwaɗayi. Le Pagne noir na Bernard Dadié na ƙasar Kwaddibuwa, na 1955, cike yake da ɓarnar gizo-gizo, wanda duk wanda ya san Gizo da Ƙoƙi zai gane shi nan take. Daga nan sai Le Petit Prince na Antoine de Saint-Exupéry, na 1943, labarin matuƙin jirgin sama da jirginsa ya lalace a hamadar Sahara ya gamu da wani yaro baƙo. Jimlolinsa gajeru ne, akwai kuma hotuna.

Wanda ƙafarsa ta yi ƙarfi sai ya shiga L'Enfant noir na Camara Laye na ƙasar Gini, na 1953. Ɗan maƙeri ne yake ba da labarin ƙuruciyarsa, da maƙerar ubansa, da ranar da ya bar gida zuwa makaranta uwarsa tana hawaye. Duk ɗan makarantar kwana zai ce da shi ake. 'Yan aji shida su gwada Une si longue lettre na Mariama Bâ ta Senegal, na 1979, wasiƙa ce doguwa da wata malamar makaranta mai takaba ta rubuta wa ƙawarta. Sannan ga Sarraounia na Abdoulaye Mamani na Nijar, na 1980, a kan sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da sojojin Faransa a 1899. Labarin Hausawa ne 'yan'uwanmu, da Faransanci kurum aka rubuta shi.

Ga gargaɗi ɗaya. Kada ka tsaya buɗe ƙamus a kan kowace kalma, za ka gaji tun a shafi na biyu. Karanta shafin duka, ka zaɓi kalma biyar da suka fi tare maka hanya, ka nemo su, ka rubuta a ƙaramin littafi, sannan ka sake karanta shafin da murya. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshe ga roƙona. Ina roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu minti 20 kowace Juma'a, ɗalibi biyu ko uku su tashi su faɗi littafin da suke karantawa, da wanda ya rubuta, da abin da ya sa suke ganin wani ma ya karanta, ba tare da sun tona ƙarshen labarin ba. Malamai mu fara, har da malaman lissafi da kimiyya. Kowane aji ya sami akwati ɗaya mai makulli da littafin rubuta sunan mai aro. In ɗalibi 40 kowa ya kawo littafi ɗaya, kowa ya sami 40 ke nan. Iyaye da tsofaffin ɗalibai, ku duba akwatunanku, littattafan da gara take ci a can muna bukatarsu a nan. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa, in za ku yi wa yara kyautar ƙarshen shekara, ku haɗa da littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma da kuke barinmu bana, in mun gamu a kasuwa ko a bakin majami'a, bayan gaisuwa ku san tambayar da zan yi muku, ku kuma kuna da izini ku mayar mini da ita. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya kiyaye hanyoyinmu, ya maido wa jiharmu salama. Amin.