Yaro Ba Ya Manta Wanda Aka Raba Shi da Shi

A wannan wata zan ba ku labarin wani littafi da na karanta, wanda wata marubuciya 'yar Amurka, Karen Joy Fowler, ta fitar a 2013 mai suna We Are All Completely Beside Ourselves.

Ƙagaggen labari ne na wata mata, Rosemary, wadda mahaifinta malamin jami'a ne mai nazarin halayyar ɗan Adam a jihar Indiyana. Tun tana jaririya aka kawo musu jaririyar birinya, irin manyan biran nan masu kaifin basira da ake kira cimfanzi. Aka sa mata suna Fern, aka rene su tare tamkar tagwaye domin bincike, har Fern ta koyi magana da hannu. Kada ku ce almara ta yi yawa, domin a 1931 wani masani, Winthrop Kellogg, ya reni ɗansa tare da birinya har wata 9, yaron kuwa ya fara kwaikwayon kukanta.

Rosemary na da shekara 5 aka kai ta gidan kakanninta. Da ta dawo, babu Fern. Aka ce wa yaran an kai ta wata gona, alhali keji aka jefa ta a wurin bincike. Yayanta Lowell ya gano gaskiya, ya bar gida. Ita kuwa, yarinyar da a da ba ta rufe baki, ta koma shiru, ta girma tana ganin laifinta ne.

Rabuwar ta yi ciwo, amma ƙarya da shirun manya su suka rusa gidan. Nan ne labarin ya shafe mu. A ajina na Islamiyya akwai yarinya 'yar shekara 7 da auren iyayenta ya mutu, uwar ta tafi da ƙanenta na goye, aka ce mata "unguwa suka je". Wata uku haddarta ba ta motsa ba. Da na ja ta gefe, sai ta tambaye ni ko don ta taɓa dukan ƙanen ne aka ɗauke shi.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wata uwa ta kira ɗanta za ta ba shi abu, Manzon Allah (SAW) ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. To, ina ga ƙarya kan uwa ko ɗan uwa?

'Yar uwa, idan saki, riƙo ko rasuwa ta raba yara, ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: ina ya tafi, yaushe za a gan shi, kuma ba laifinsu ba ne. Ki bar su su yi kuka, ki bar ƙofar zumunci a buɗe.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.