Wa Zai Duba Bakin Yaron Gayam?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin karatu ya buɗe mujallun likitanci yana neman abin da masana suka rubuta game da lafiyar bakin yaran Nijeriya, zai lura da wani abu guda. Sunayen garuruwan da ake maimaitawa ba su da yawa: Legas, Ibadan, Ile-Ife, Binin, Inugu, wani lokaci Kano ko Zariya. Yaran da aka duba kuwa kusan kullum 'yan makaranta ne, waɗanda aka jera a aji, hedimasta na tsaye, likita na bi ɗaya bayan ɗaya da ɗan madubinsa yana ƙirga haƙoran da suka yi rami, da waɗanda aka cire, da waɗanda aka cike. Aiki ne mai kyau, ba mu raina shi ba. Amma muna da tambaya: a wane shafi ne yaron Gayam yake?

Gayam ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, ƙasar manoma da ke maƙwabtaka da dazuzzuka irin su Kamuku. Mun ɗauke ta misali ne domin ta haɗa duk abubuwan da ke ɓoye yaro daga idon mai bincike, watau nisa daga birni, da mugunyar hanya, da shekarun da 'yan bindiga suka yi suna korar mutanen wannan yanki daga gonakinsu, har makarantu da ɗakunan shan magani da dama suka zama kufai.

Rashin ganin irin wannan yaro ba mugunta ba ce daga masu bincike. Daga tsarin aikin ne kansa ya taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wasu shekaru da ake auna lafiyar baki da su, a yara su ne 5 da 12 da 15. An fi ba shekara 12 muhimmanci, dalili kuwa shi ne a ƙasashe da yawa ita ce shekarar ƙarshe da za a iya samun yara cikin sauƙi a makarantar firamare. To, wannan hikima ce a ƙasar da kowane yaro ke zuwa makaranta. A wurinmu kuwa, wanda ya tsaya a ƙofar aji ya riga ya tace yaran tun kafin ya buɗe bakin ko ɗaya. Ya bar almajiri, ya bar yarinya mai talla, ya bar ɗan makiyayi, ya bar wanda iyayensa suka yi gudun hijira. Sakamakon da yake samu shi ne abin da aka saba ji: ramin haƙori bai yi yawa a yaranmu kamar na ƙasashen da ake shan zaƙi ba, sai dai mafi yawan ramukan ba a yi musu magani ba. Sai mai mulki ya karanta, ya ce ashe da sauƙi, ya juya ga wata matsalar.

Alhali kuwa cutar baki mafi muni a Arewa ba ta jiran yaro ya kai shekara 12. Muna nufin cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki, wasu kuma ciwon iska ko ciwon daji. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, watau daga yaye zuwa lokacin da ake famfara. Farkonta abin raini ne: dasashi ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa, baki ya yi wari, yaro ya ƙi abinci, yawu ya riƙa dalala. Daga nan kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki, sau da yawa ƙasa da mako biyu, naman kunci ko leɓe ya yi baƙi, ya ruɓe, ya zube, wani lokaci har da ƙashin muƙamuƙi. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998, yara kimanin 140,000 ke kamuwa kowace shekara a duniya, kuma tara cikin goma na mutuwa in ba a yi magani ba. Wanda ya tsira kuwa sau da yawa muƙamuƙinsa kan ɗaure, ci da magana su yi masa wuya, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don kunyar idon jama'a.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar da ke wannan ɓarna ba baƙi ba ne, yawancinsu suna zaune a bakin mutane masu lafiya. Abin da ke tsaga bangon shi ne tamowa, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa. Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan ƙasar nan, ya yi shekaru masu yawa yana nuna alaƙar noma da yunwa da ƙyanda. Haka kuma masanan Janeba, waɗanda suka bi yara a ƙasar Damagaram tsakanin 2001 da 2006, sun tarar cewa yaran da suka kamu sun fi takwarorinsu tsumburewa, kuma yawancinsu ba su daɗe da tashi daga wata jinya ba. Yanzu sai mu tambayi kanmu: a ina ake samun tamowa da ƙyanda tare? A garin da aka hana noma damina bayan damina, aka kuma hana mai allurar rigakafi shiga. Wanda ya san tarihin Birnin Gwari na 'yan shekarun nan ba ya bukatar a ƙara masa bayani.

Kada wani ya ce cutar Sakkwato ce. Gaskiya ne a Sakkwato aka kafa asibitin yara na noma a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa masa daga 2014, don haka yawancin alƙaluman Arewa daga can suke fitowa. Amma tun a 1983 Adekeye da Ord, likitocin tiyatar fuska na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, suka wallafa bayanin yadda suke gyara fuskokin waɗanda noma ta ci. Ashe cutar ba baƙuwar ƙasar Kaduna ba ce. Kuma ko alƙaluman Sakkwaton, mu tuna cewa littafin asibiti sunan wanda ya iso kawai yake ɗauka. Yaron da ya cika a ƙauye cikin kwana goma, aka ce iska ce ta taɓa shi, aka yi masa sutura kafin la'asar, ba ya cikin lissafin kowa.

Akwai wani abin da ya kamata mai bincike ya sa wa ido, shi ne abin da iyaye mata suka yi imani da shi game da haƙori. A gidajenmu, in jariri ya yi zazzaɓi ko zawo sai a ce haƙori ne, a jira ya wuce. Da wannan jira ake rasa kwanakin da suka fi tsada. Kuma neman maganin haƙori ya taɓa jawo mana babbar asara: a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan an ba su maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya aka yi jinyarsu. Irin wannan sani ba a samunsa da madubin likita. Sai an zauna a tsakar gida, an yi hira da uwa da kaka da ungozoma da wanzami, cikin harshen da suke ji.

Za a ce mana ma'aikata ba su isa ba, kuma hanya ba ta biyuwa. Mun yarda da na farko. An fara horar da likitocin haƙori a Legas tun shekarun 1960, Arewa kuwa ba ta samu makarantarta ba sai bayan shekarar 2000, a Maiduguri, daga baya Kano. Amma fa gane farkon noma ba ya bukatar likitan haƙori, ba ya bukatar kujerar nan mai fitila. Hasken rana ya isa, da wanda zai ce wa yaro ya buɗe baki. Maganin matakin farko kuma ba gagarau ba ne: kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol waɗanda ma'aikacin lafiya zai rubuta, da abinci mai gina jiki. Asuwakin da muka gada ma yana da nasa amfanin, in an koya wa uwa ta riƙa goge wa ƙaramin yaro, maimakon a bar shi sai ya girma ya koya da kansa. Batun hanya kuwa, a watan Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindigar yankin, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Ko me mutum yake gani game da wannan sulhu, in motar hatsi da ta shanu za su iya shiga su fito, ba mu ga abin da zai hana mai takarda da biro ba.

Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ranar 15 ga Disamba 2023. An yi murna a Abuja, an yi jawabai. Mu dai abin da muke roƙon shugabannin sassanmu ƙarami ne. Kowace shekara ɗalibai ɗaruruwa a fannin likitanci da jinya da nazarin zamantakewa da Hausa suna rubuta kundin kammala digiri, kuma da yawa suna raba takardun tambaya ne ga abokan ɗakinsu don a huta. A ware wasu daga cikin waɗannan kundaye ga yara 'yan ƙasa da shekara 6 da ba sa makaranta. Ɗaliban da suka fito daga Gayam da Kuyello da Randagi da Dogon Dawa suna nan tare da mu, sun san wace hanya ake bi da wadda ba a bi, kuma dagaci ya san iyayensu. A haɗa kowannensu da malami mai kula da shi, a nemi izinin hukumar lafiya da na masarauta, a sa su bi masu allurar rigakafi da masu auna damtsen yara gida gida lokacin hutun ƙarshen zango. Duk yaron da aka auna wa damtse a duba dasashinsa, a rubuta abin da aka gani, wanda aka samu da jini ko kumburi a tura shi asibiti a ranar.