Kafin ka sayi tsohuwar rediyon Pioneer ko Sansui, juya bayanta ka karanta

Matasa da dama sun fara komawa kan tsofaffin rediyoyi masu haɗe da amfilifaya, irin su Pioneer, Sansui, Kenwood da National na shekarun 1970. Ana jona musu waya ta ƙaramar na'urar Bluetooth a ramin AUX, sauti ya fito da nauyin da ƙananan sifikun zamani ba sa iyawa. Ina goyon bayan hakan. Amma a ra'ayina, masu saye suna biyan kuɗin sunan da ke gaba, alhali abin da zai amfane su yana rubuce a baya.

Mai amfani da waya ya san bambancin wayar da aka yi don kasuwar Sin da wadda aka yi don duniya: suna ɗaya, amma ɗaya babu Play Store. Haka rediyon nan suke. Pioneer SX-780 ta 1978, alal misali, akwai wadda aka ƙera don Amurka, akwai ta sauran ƙasashe mai makunnin sauya ƙarfin wuta.

Bambanci na farko shi ne wutar. Amurka na amfani da bolt 120, Japan bolt 100, mu kuwa 230 ne. Idan ka jona ta Amurka kai tsaye a wutar KEDCO a Kankia ko a inbatar sola a Kusada, in ka yi sa'a fiyus ne zai ƙone. In ba ka yi ba, tiransifomar ce za ta tafi, kuma samun irinta sai an sha wuya.

Na biyu, tashoshi. Tsofaffin rediyon da aka yi don cikin Japan suna kama FM daga mita 76 zuwa 90 ne kawai, mu kuma namu daga 87.5 zuwa 108 yake. Ke nan ko ka kai ta tsakiyar Kano, ba za ta taɓa kama Freedom Radio a 99.5 ba. A matsakaicin zango ma, masu lambobi na shekarun 1980 da aka yi don Amurka suna tsallake goma-goma, tashoshinmu kuwa tara-tara aka jera su, kamar 594 da aka san Rediyon Kaduna da ita.

Na uku, gajeren zango. Yawancin na Amurka AM da FM kaɗai gare su. Idan don Baba za ka saya, wanda ya saba da neman BBC Hausa a gajeren zango, tabbatar ka ga SW a jiki.

Wani zai ce ai da tiransifomar rage wuta an gama magana. Gaskiya ne, tana magance matsalar wuta, amma ba ta ƙara ko tasha ɗaya. Kuma ranar da ƙaninka ya manta ya jona ta kai tsaye, an yi asara.

Don haka idan ka shiga Sabon Gari neman ta hannu, duba farantin baya. Ka ga 220 ko 240? Lambobin FM sun kai 108? Sa mai shago ya kunna ta, ka saurari sifikar hagu da ta dama. Rediyo maras suna da ta dace da wutarmu ta fi Marantz ɗin da za ta zama kayan ado a kan kabad.