RUWA BA YA TSAMI BANZA

Kowace shekara in ruwa ya ci gari, sai mahukunta su fito cikin manyan riguna, su jajanta, su raba buhunan shinkafa, su ce wai abin ya zo musu ba zato. To, mu ba mu yarda da wannan magana ba. Ruwan sama ya sake hali, dalilinsa kuwa sananne ne, har an auna shi.

Jama'a, ga lissafin. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa. In zafi ya ƙaru da digiri 1 a ma'aunin Salsiyos, iska tana iya ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. Tun ƙarni na 19 masana biyu, Clapeyron na Faransa da Clausius na Jamus, suka fitar da wannan ƙa'ida. Abin da sama ta ɗauka kuwa, dole ta sauke shi. Saboda haka in hadari ya haɗu, sai ya juye ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, ƙasa ba ta iya shanyewa, kwata ba ta iya kwashewa. A ƙasar Holan ma, a 2008, masu bincike sun tarar ruwa mai ƙarfi na sa'a ɗaya yana ƙaruwa har ninki biyu na wancan lissafi a ranakun zafi.

Kada wani ya ce wannan zancen ƙasar Turawa ne. A 2017 masana suka duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka ga manyan hadura mafiya ƙarfi a yankinmu na Sahil sun ninka sau 3 tun daga 1982, suka danganta abin da ƙaruwar zafin Hamadar Sahara. Shekarar 2024 kuma ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awon duniya.

Mun ga sakamakon da idonmu. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, alhali tun 1994 garin ya ɗanɗana irin wannan. A watan nan dai tsohon masallacin Damagaram ya rushe saboda ruwa. A Mayu 2025 ruwa ya ci Mokwa, mutum fiye da 150 suka halaka. Su wa ke kwana a bakin kwari cikin ɗakin ƙasa? Talakawa ne. Su wa ke rasa rumbu da akuya? Talakawa ne!

Ga abin da muke nema, ba da wasa ba. Duk gada da kwalbati da magudanar da za a gina, a auna su da ruwan yau da na gobe, a bar aiki da alƙaluman kakanni. A duba kowace madatsa kafin damina, a buga sakamakon kowa ya karanta. Gargaɗin hukumar hasashen yanayi ya isa kunnen manomi da harshensa ta rediyo. A daina yanka filaye a kan hanyar ruwa. Wanda kuma ya ci kuɗin kwata, a gurfanar da shi gaban shari'a.

Rigakafi ya fi magani. Mun gaji da ta'aziyya, aiki muke so, tun damina ba ta sake faɗuwa ba.