Rai, hankali da hayyaci: darasi daga Duwala

Ɗalibin Hausa, ka ɗauka kana unguwar New Bell a Duwala, inda Hausawa suka daɗe da zama. Wani matashi ya faɗo daga benskin, wato achaɓar garin, kansa ya bugu da kwalta. An kai shi asibitin Laquintinie, likita ya ce da Faransanci "inconscient". Kai ne tafinta. Me za ka gaya wa mahaifiyarsa?

In ka ce "ba shi da rai", ka yi mata ta'aziyyar ɗan da ke numfashi. In ka ce "ba shi da hankali", ka mai da shi mahaukaci ko marar tarbiyya. Daidai shi ne: "Baba, ya suma ne, bai dawo hayyacinsa ba tukuna."

A ganina, a nan Hausa ta fi Faransanci rarrabewa. Kalmar "conscience" ita kaɗai tana ɗauke da farkawar mutum da kuma zuciyar da ke tsawatar masa. Hausa kuwa ta kasa abin. Rai shi ne wanda idan ya fita sai jana'iza. Hankali shi ne ma'aunin daidai da kuskure. Hayyaci shi ne sanin mutum cewa ga shi, ga kuma duniya kewaye da shi. Lura cewa da wuya a ambaci hayyaci ba tare da mai shi ba: hayyacina, hayyacinka, hayyacinta.

Wannan ɗabi'a ta nahawu ta taɓa tsohuwar muhawara. Bugu ɗaya a ka, ko allurar barci kafin tiyata, ya isa ya ɗauke hayyaci, saboda haka yana rataye da ƙwaƙwalwa. Amma na'urar da ke auna ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin da majiyyaci ke ji. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta a sararin iska, ba gani, ba ji, ba taɓi, ya ce duk da haka zai san akwai shi. A 1995 David Chalmers ya kira wannan giɓi babbar matsala mai wuya.

Hausa ba ta warware ta ba, kuma kada mu ɗora mata abin da ba ta ce ba. Abin da ta yi shi ne hana mu cakuɗa tambayoyi uku. Don haka, kada ka haddace kalmomin nan a jere kamar ma'anarsu ɗaya. Koyi kowace tare da aikatau ɗinta: rai yakan fita, hankali yakan gushe, hayyaci kuwa akan fita daga cikinsa, a kuma dawo. Dawowar nan ce uwar ke jira a bakin ƙofa.